Kawu Sitiyari da Murfin Tanki

Kawu Sitiyari mai aski ne. Bai taɓa mallakar ko tayar keke ba, amma duk unguwar babu wanda ya kai shi sanin mota. Shi ya faɗa, kuma wanda ya ɗora maka aska a maƙogwaro ba a cika yi masa gardama ba.

Shagonsa na kallon garejin kanikawa, titi kawai ya raba su. Shekara da shekaru hannunsa na kan kawunan mutane, kunnensa na can tsallake. In mota ta wuce tana tari, sai ya ɗaga almakashi ya ce, "Fulogi ne." In ta wuce lafiya lau, ya girgiza kai ya ce kwanan nan za a jawo ta da igiya. Laƙabin ma a tasi ya samo shi, don in ya zauna a gaba, hannuwansa na murza iska, ƙafarsa na taka birkin da babu.

Tuƙi kuwa ya iya, a nasa ganin. Yana saurayi yayansa ya koya masa da wata tsohuwar akori-kura a filin ƙwallo, inda babu abin bankewa sai turakun raga, su ma ya banke ɗaya. Ya yanki lasin, kuma bai taɓa barin sa ya mutu ba.

Da furfura ta cinye kansa, 'yarsa ta fari, wadda kowa ke kira Nas saboda aikinta na asibiti, ta sayi wata farar mota. Ba a jima ba aka tura ta kwas, ta kawo motar gida ta miƙa masa makulli.

"Baba, zo in nuna maka wasu abubuwa. Ba irin ta da ba ce."

"Ni za ki koya wa mota? Tun ba a haife ki ba nake sauraron inji."

Ta kalli uwarta, uwar ta kalli rufi.

Washegari ya rufe shago, ya fesa turare, ya ce wa matarsa ta shirya ya kai ta gidan ƙanwarta. Ta shiga tana addu'a ƙasa-ƙasa. Suka tafi a hankali, har wani mai tura baro ya wuce su ya waiwayo. Suna tsakiyar hanya wata 'yar fitila ta kama a gaban sitiyari.

"Malam, mene ne wannan?"

"Mai take nema. Tun a gida na ji a muryarta."

Ya shiga gidan mai, ya bi layi, ya tsaya gaban famfo yana hura hanci. Matar da ke zuba man ta leƙo ta taga.

"Baba, tankinka yana ɗaya gefen."

"Na sani. Sitiyarin nake gwadawa."

Ya yi gaba, ya yi baya, ya sake yin gaba, da ƙyar ya daidaita. Ta ɗauko tiyo ta tsaya.

"To, buɗe min murfin."

Nan Kawu ya bi maɓallan da ke gabansa da kallo. Akori-kurar yayansa ba ta da wannan iyayi. Bakin tankinta a fili yake, tsumma ma ake toshe shi da shi. Ya sunkuya ya lalubo wani ƙarfe a ƙarƙashin sitiyari ya ja. Bonet ya ɗaga. Ya danna wani maɓalli, but ya wangale. Ya murɗa wani, waifa ta hau share gilashi tana fesa ruwa. Ya kai hannu gefen kujera ya ja, sai ga shi kwance yana kallon rufin mota.

"Sannu, Malam," in ji matarsa. "In barci za ka yi, in sauka in nemi tasi."

Bayansu hon ya kaure. Wani direban bas ya zuro kai yana tambaya ko wanka aka zo yi wa motar.

"Ka kira yarinyar nan Nas mana," matarsa ta ce.

"Tana karatu, ba na son a dame ta."

Ya fito yana gyara riga. Da yake shi mai tsoron ɓarayi ne, sai ya danna rimot ya kulle motar, da matarsa a ciki. Ya zagaya ya tsaya gaban murfin ya riƙe ƙugu. Mai zuba man ta ce ita sabuwa ce a aikin, ba ta san kan wannan ba. Kafin a ankara masana sun taru. Wani ya ce a taka birki sau uku, wani ya ce sai an tayar da inji, direban bas ya ce a tura ta gefe kowa ya huta. Kawu ya ji su yana mamakin yadda mutum zai yi ta zuba a kan abin da bai sani ba.

"Ku matsa," ya ce. "Sifirin ne ya cije."

Ya zaro almakashinsa daga aljihun gaba, wanda ya fi kowanne kaifi a shagon, ya cusa a gefen murfin ya banƙara. Aka ji ƙas. Murfin ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin bas, rabin almakashin ya bi shi. Kawu ya juyo ya dubi jama'a.

"Ga shi nan ya buɗe. Zuba."

Da Nas ta dawo, ta daɗe tsaye gaban ramin da ke gefen motarta.

"Baba, dannawa fa kawai ake yi da yatsa. In dai ba a kulle motar take ba, da kansa yake buɗewa."

"Na danna."

"Ka danna komai a motar nan ban da shi," in ji matarsa daga kicin.

Abin ya tsaya masa a rai, ko da yake bai nuna ba. Ya kwana biyu ba ya hira a shago. Sannan ya tafi kasuwar tsofaffin kayan mota ya samo wani murfin, ja jawur, wai fari ya ƙare. Ya hana a kai wa bakanike, ya durƙusa ya ɗaura da hannunsa.

Murfin ya zauna, sai dai ba ya rufuwa. Da mota ta ɗan yi gudu sai ya dinga kaɗawa yana ƙwanƙwasa jikinta. Yanzu duk inda Nas ta bi, masu babur na binta suna nuna mata gefe, ita kuma tana ɗaga hannu tana godiya. Ta taɓa yi masa ƙorafi sau ɗaya, a bakin shago, yana tsakiyar gyara wa wani gemu.

"Tun da na sa shi kin taɓa tsayawa a gidan mai ya ƙi buɗewa?"

"A'a, Baba."

"To, kauce min, kin tare haske."