Irene da Shafin Ruwan Kogi

Irene 'yar Kakuri ce. Mahaifinta ya yi shekara ashirin yana aiki a masaƙa, kuma shekarar da sojoji suka koma bariki ita ce ta gama sakandare. Bayan 'yan shekaru aka rufe masaƙar, maganar jami'a ta bi ruwa, sai ta samu aikin buga takardu a wani shagon kwamfuta a Barnawa. A nan, idan babu masu kawo aiki, take koyon haɗa shafukan intanet da kanta, har ta zama ita ake nema.

Duk damina mutanen gangaren Barnawa ba su da hira sai ta kogi. Wani ya ce ya cika, wani ya ce da saura. Wannan ya sa Irene ta haɗa shafin da zai riƙa nuna awon ruwan, ta yi shawara da Baba Nicholas, tsohon ma'aikacin gwamnati mai lambu a bakin ruwa. Suka kafa dogon ƙarfe mai zane-zanen awo. Duk bayan awa ɗaya Baba zai duba inda ruwa ya kai, ya turo lambar ta waya zuwa saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin.

Abin da Irene ta fi alfahari da shi, ba sai mutum ya yi ta sabunta shafin ba. Da ka buɗe shi a burauzar wayarka, layi na nan a buɗe tsakaninka da sabar, ita ke turo maka sabon awo da zarar ya iso. Kore lafiya, ja a kwashe kaya. Damina uku shafin bai ba ta kunya ba. Masu keke, masu shago, har fastoci, kowa ya saba da leƙa shi.

Nelson, abokin aikinta, ya taɓa nuna mata wani giɓi. Ya ce idan Baba bai turo komai ba, shafin zai ci gaba da nuna tsohon awo kamar sabo ne, gara ta sa ya riƙa faɗin lokacin da aka auna. Ta yarda da shi sarai, ta ce za ta gyara idan ta gama shafin wata makaranta. Ta gama, wani aikin ya shigo, maganar ta shige.

Wata Lahadi a watan Satumba, jiri ya kayar da Baba Nicholas da safe, aka wuce da shi asibiti, wayarsa na kan tebur a gida. A Barnawa ko yayyafi ba a yi ba, amma an tafka ruwa can sama, kogin ya yi ta hauhawa. Shafin kuwa yana kore.

Mama Deborah, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da kiwon kaji a gangaren, ta duba wayarta bayan sujada, ta ga lafiya lau, ta wuce Sabon Tasha gaishe da mai jego. Kafin la'asar ruwa ya shanye akurkinta duka. Ba a rasa rai ba, amma kaji ɗari bakwai sun tafi.

Gyaran da Nelson ya ce a yi bai ɗauki Irene minti ashirin ba. Wannan ya fi komai ci mata rai. Kwana biyu ta kasa cin abincin kirki, a na uku ta je ta tarar da Mama Deborah tana wanke mazuban ruwan kaji da suka cika da laka. Irene ta durƙusa ta faɗa mata komai, har da gargaɗin Nelson.

Matar ta ajiye mazubin da ke hannunta. Can ta ce, "Tashi, 'yata. Ba ke kika aiko ruwan ba. Amma da ban duba wayar nan ba, da ƙafata zan je in ga kogin."

Kafin Kirsimeti Mama Deborah ta tattara ta koma Zonkwa wajen ƙaninta. Baba ya warke, sai dai 'ya'yansa sun hana shi zuwa bakin ruwa, kuma ba a samu wanda zai karɓe shi ba. Damina ta gaba Irene ta rufe shafin.

Yanzu tana koyar da kwamfuta a wata makaranta a Narayi. Sau biyu ta shirya zuwa Zonkwa, har ta saya wa Mama Deborah atamfa, amma ba ta je ba tukuna.