Yadda Na Kyautar da Luguden Gwaggona

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta wannan shafi ina girgiza kai kan wautar wasu, yau ga shi layi ya zo kaina. Don Allah a sakaya sunana.

Lokacin da abin ya faru ina shekarar ƙarshe a wata babbar makaranta a Dutse, ina karantar zane mai motsi, wanda yara ke kira katun. Ni ɗan gidan malamai ne daga wani ƙauye a yankin Buji. Mahaifina, da muke kira Malam, yana ba manya karatun littattafai a zaure bayan la'asar. A gidanmu in babba ya yi magana amsarka ɗaya ce, to. In Malam ya tambaye ka wa ya faɗa maka abu kaza, ba sunan mutum yake nema ba, yana nufin ka yi kuskure, ka ja bakinka ka yi shiru. Da wannan tarbiyya na girma, kuma ina taƙama da ita. A makaranta har nuna ni ake yi ana cewa ga mai ladabi, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura.

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi sai ya kawo batun da zai yi bincike a kai, ya rubuta kundi ya kafa hujjarsa, sannan ya yi ɗan gajeren fim da zai nuna gaskiyar abin da ya faɗa. Ni nawa batun a tsakar gidan Gwaggo na tsince shi, yayar mahaifina. Na je hutu na tarar da ita da maƙwabtanta biyu suna dakan fura a turmi ɗaya, suna waƙa suna lugude. Gwaggo ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ta sauke, taɓare uku ba wadda ta taɓa 'yar uwarta. Tun ina yaro nake ganin wannan, amma ranar ce na fara kallon sa da idon mai zane. Na roƙe su na ɗauka a waya, Gwaggo tana yi mini tsiya wai boko ya ƙare tunda har an koma karatun turmi.

Da na koma makaranta na zauna na bi bidiyon hoto bayan hoto. A aikinmu daƙiƙa ɗaya ana iya raba ta gida ashirin da huɗu, kuma littattafan da aka koyar da mu sun nuna yadda ake raba motsi da lissafi. Na zana dakan bisa lissafin littafi, sai ya fito kamar injin niƙa, ba rai ko kaɗan. Na sake ƙirgawa, sai na ga duk inda baitin waƙa zai ƙare Gwaggo takan ɗan riƙe taɓaryar a sama, jinkirin da bai kai ƙiftawar ido ba, sauran biyun kuma su bi ta ba tare da sun ɗago kai ba. Ashe da kunne suke daka, ba da ido ba. Na ɗora waƙar tukuna, na zana motsin a kanta, sai ga mata sun tashi da rai a fuskar kwamfuta. Na cika littafi guda da ƙirge-ƙirge, na rubuta hujjata: wanda zai zana aikin matan Hausa, daga sauti ya kamata ya fara, ba daga lissafin littafi ba. Ban taɓa jin wani abu nawa ne ba kamar wannan.

Na kai wa malamin da aka haɗa ni da shi don ya duba aikina, wani dakta mai ƙarancin fara'a. Ya karanta shafi biyun da na rubuta, ya cire tabarau, ya tambaye ni wa ya faɗi wannan ban da ni. Ya ƙara da cewa ta yaya na san ba gajiya ce kawai ta sa tsohuwa jinkiri ba, kuma mata uku a gida ɗaya sun isa a kafa hujja a kansu? Edita, ina da amsa. Ina da bidiyon farkon dakan, lokacin da ba wadda ta gaji, jinkirin yana nan. Amsar ta zo har bakina, amma kunnena bai ji muryar dakta ba, muryar Malam ya ji a zaure. Na sunkuyar da kai na ce to, na ba shi haƙuri, na tattara takarduna na fita. A hanya ina ta lallashin kaina da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Mako na zagayowa na kai masa sabon batu, wai gudummawar katun wajen tarbiyyar yara, irin batun da kowace shekara sai an samu mai jan sa kamar akuyar gado. Ya daɗe yana kallo na, ya tambaye ni ina turmin, kuma na tabbata wannan nake so? Ni a zatona gwada ni yake ya ga ko na ji magana, sai na ce na tabbata. Ya sa hannu ya miƙo mini takardar.

A ajinmu akwai wata 'yar Ringim da aka ƙi karɓar batunta har sau biyu, ita ma a hannun daktan take. Ta taɓa ganin gwajin da na yi, sai ta tambaye ni me ya sa na bar shi. Na ce an ƙi. Ta ce in ba zan yi ba in ba ta mana. Na yi dariya na ce ta je ta sha nata korar. Da hannuna na tura mata bidiyon, da hannuna na miƙa mata littafin ƙirgena, har ina yi mata bayanin inda jinkirin yake don kada ta sha wahalar nema. Bayan haka sau da yawa in na bi ta ƙofar ofishin dakta nakan jiyo muryarta tana musu da shi, shi yana cewa bai yarda ba, ita tana cewa zai yarda. A raina nakan ce wannan yarinya ba ta da kunya, Allah ya shirye ta. Da ya ce matan nan uku ba su isa hujja ba, ta hau mota ta tafi ƙauyukan Kafin Hausa ta ɗauko masu sussuka da masu daɓen ɗaki. Ni kuwa ina ɗakin karatu ina kwafo wane ya ce, wance ta ce, ina jera su shafi bayan shafi. Duk babin da na kai, dakta ya gyara waƙafi ya miƙo mini.

Ranar kare kundi aka zo da wata farfesa daga wata jami'a. Na yi bayanina tsaf, ta saurara, sannan ta ce ta ji abin da mutum goma sha suka ce, yanzu tana so ta ji abin da ni na ce. Na sake karanto mata maganar wani. Ta ce ba shi ta tambaya ba. Na duba kundi mai shafi kusan ɗari, babu jimla ɗaya da zan nuna in ce tawa ce. Da ƙyar aka ba ni makin tsallakewa, irin wanda ake ba mutum don ya tafi ya ba wasu wuri.

Bayana aka kira 'yar Ringim. Aka haska fim ɗinta a bango, sai ga waƙar Gwaggo ta cika ɗakin. Akwai ƙaramin yatsan Gwaggo na hagu da ya karye tun tana budurwa ya warke a karkace, har shi ta zana. Taɓarya ta tashi, ta ɗan tsaya a sama daidai inda na nuna mata, ta sauko. Farfesa ta tambaye ta ta yaya ta san ba gajiya ba ce, ta amsa da amsar da na haɗiye wata takwas da suka wuce. Aka tafa mata. Na so in ce kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi, amma ƙarya nake, ba bugun da na sha. Ita ta yi yawon, ita ta yi musun, kuma a shafin godiya ta rubuta cewa wani abokin karatunta ne ya fara nuna mata hanya. Ko damar in tsane ta ba ta bar mini ba.

Da aka watse dakta ya tsayar da ni a baranda. Ya ce cikin shekarun nan bai ga batun da ya kai nawa na farko ba, tambayoyin da ya yi mini don in tsaya in kare shi ne, da ya ga na gudu sai ya ɗauka ban yarda da abin ba. Har yau in na tuna maganar nan sai zuciyata ta yi zafi. Wata takwas yana kallo na ina ɗora tubali a kan rairayi, ya san irin gidan da na fito, jimla ɗaya ta ishe shi ya ce mini a nan musu ba rashin kunya ba ne. Bai faɗa ba sai da aka gama rabon. To amma da wane baki zan zarge shi? A barandar ma abin da na ce masa shi ne to, na gode.

Ban raina tarbiyyar gidanmu ba, amma na gane ladabi daban, mutuwar zuciya daban. Daga baya ma na lura manyan ɗaliban Malam sukan buɗe littafi su nuna masa layi, ya gyara zama ya saurare su. Ni dai na tsaya a darasin yara ban wuce ba. Ƙannena ɗalibai, musamman 'ya'yan gidaje irin namu, in malami ya tambaye ku hujja, ku durƙusa in kun ga dama, amma ku ba shi hujjar. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, ni kuwa da aka ce in gyara sai na sauke na rabar. Ku kuma malamai, ku sani wani to ɗin ba yarda ba ce, tsoro ne, ku sake tambaya.

Da sallar da ta wuce wani jikan Gwaggo ya ga fim ɗin yana yawo a waya ya nuna mata. Ina shiga gaishe ta ta kama hannuna, ta kira maƙwabta, ta ce ga ɗan ƙaninta da ya sa ta a kwamfuta har da karyayyen yatsanta. Ta yi ta sa mini albarka tana share ido da bakin mayafi. Na buɗe baki in ce ba ni ba ne, na kasa, na sunkuyar da kai na ce amin. Har yanzu duk zuwan da na yi sai ta ce in kunna mata aikina ta gani, ni kuma sai in kunna.