Kilin da Ya Tafi da Lallena

A duk tsawon rayuwata ban ga mutumin da ya kamu da son rufi ba sai maigidana, Allah ya jiƙansa. Ba rufinmu na unguwar Nuzla a Jidda ba, wanda kwano ne aka danne da tsofaffin tayu, da rana ya gasa mu, ranar da aka yi ruwan shekara kuma ya yi mana yayyafi a kan shimfiɗa. Wani rufi ne can a ƙasar Turawa, wanda aka ce dawaki suna sukuwa a ƙarƙashinsa.

Shi sayis ne, wato mai kula da dawaki, a bargar wani attajiri da ke bayan gari ta hanyar Makka. Daga Sudan muka zo da ƙuruciyarmu, da niyyar mu sauke farali mu koma, sai Jidda ta riƙe mana ƙafa kamar yadda ta riƙe wa mutane da yawa. A bargar nan akwai wani doki kili, fari tas, wanda aka haifa a hannunsa. Ni na haifa masa 'ya'ya, amma ban taɓa jin ya tashi da asuba yana tambayar ko ɗayansu ya yi atishawa ba. Kili kuwa ko tari ya yi sai mun ji a gida.

Ɗan attajirin yana karatu a Turai. A shekarun da eriyar talabijin ta fara tsirowa a saman gidajen masu hali, ya dawo hutu tare da wani Bature mai koyar da hawa, da kuma labarin wani babban taron dawaki da ake yi kowace shekara a tsakiyar sanyi, a cikin ɗaki. Ya ce akwai rukunin da ake nuna dawakin Larabawa, ana duba kyansu da tafiyarsu, kuma bana kili zai shiga. Za a kai shi ta jirgin ruwa, sayis ɗinsa na biye da shi. Tun daga ranar maigidana ya tashi daga cikinmu, gangar jikin kawai muke gani.

Bayan magariba mukan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, iskar teku ta shigo da gishirinta ta manne mana a fata, shi kuma ya kwance mana abin da ya tsinto a barga. Ya ce taron ya girmi mota. Tun zamanin da manyan Turawa ke yawo a keken doki aka fara shi, don kowa ya nuna nasa dawakin da nasa direban. Da mota ta zo ta kori kekunan daga titi, sai suka tsere cikin ɗakin nan suka fake, har yau ana tsere da su a ciki, dawaki huɗu a gaban keke ɗaya. Ya ce da farko sojoji ne masu tsallake shinge, yanzu har mata suna yi, suna kuma cinye maza. Da aka yi manyan yaƙe-yaƙe an rufe ƙofar, don an kwashe dawakin da mahayan zuwa fagen daga, da ƙura ta lafa aka sake kunna fitilu.

"Akwai wani bango kuma," in ji shi, yana ɗaga hannu sama da kansa. "Duk wanda ya tsallake sai a ƙara masa tsawo. A ƙara, a ƙara, har a bar doki ɗaya. Halas, shi ke nan, shi ne gwani. Wasu da agogo suke tsere. Wasu kuma rawa suke, wallahi, ana kiɗa doki yana taka ƙafa."

Na ce, "Malam, rairayin fa? Ko a kan siminti suke wannan hauka?"

"Da motoci ake kawo shi a zuba, in an gama a kwashe. Ke dai ki bar batun rairayi, rufin za ki ji. Babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. A waje ƙanƙara na zuba, a ciki mutum na cire hula."

Dariya nake masa, amma abin ya shige ni ban sani ba. Ina wanki a gidan wasu Larabawa a lokacin, kuma sau da yawa nakan tsinci kaina hannu cikin kumfa, ido a buɗe, ina kallon wani ɗaki da ban taɓa shiga ba. Fitilu a sama kamar an juye taurari a faranti, dawaki suna tashi a hankali su daɗe ba su sauko ba, babu ƙarar kofato ko kaɗan. A tsakiyarsu ga mutumina da farar jallabiyarsa, yana riƙe da linzamin kili, kansa a ɗage. Sai uwar gidan ta yi kira daga sama in farka, ruwa ya cika baho yana zuba.

Ya sayo wata kwat a kasuwar gwanjo, baƙa, mai nauyin ɗan akuya. Yakan sa ta a zafin Jidda ya tsaya a tsakar gida, gumi na bin gemunsa, wai yana sabawa. Yara su yi ta faɗuwa don dariya. Kafili, wato attajirin da ke tsaya masa, ya gyara masa iƙama, takardar izinin zama, da fasfo, abin da muka shekara muna bi bai samu ba. Ni tsoron teku nake ji, da tsoron sanyin da aka ce yana cin yatsu, amma ban taɓa ganin fuskarsa da haske irin na watannin nan ba, don haka na haɗiye tsorona.

Jirgi zai tashi ranar Asabar. Ranar Juma'a da safe na kwaɓa lalle da lemun tsami a ƙwaryata, ina so in yi ƙunshi don in raka shi bakin teku da ƙafa mai kyau. Na ajiye a inuwa, na shiga wanka, na fito babu ƙwarya babu maigida. Na zargi yara, na zargi akuyar maƙwabta. Sai da la'asar ya shigo da ƙwaryar wayam, tafin hannunsa ja wur har farata, yana murmushi kamar wanda aka yi wa bushara.

A garinmu na bakin kogi a Sudan, ba a barin farar dabba ta yi doguwar tafiya ko ta fita ranar salla haka tsirara. Sai an yi mata lalle a ƙafafu da bakin jela, mai ita ya dafa tafinsa a wuyanta, don ado da neman tsari daga baki. Haka ya ga mahaifinsa na yi wa jakunansa, kuma ko a nan Jidda fararen jakunan masu ruwa da jan ƙafa suke yawo. Shi a ganinsa kili zai shiga cikin manyan duniya, ba zai bari a ce ya fito daga gidan da ba a san darajarsa ba. Juma'a ce, Bature ba ya zuwa, barga babu kowa. Ya zauna ya ƙunsa ƙafafu huɗun nan da tsumma, ya jira har ya kama sosai. Ya kuwa kama, don lallena ba ya wasa.

Ban je barga da safen Asabar ba, shi ya ba ni labari daga baya, a gutsure. Ya ce Bature ya zagaya kili sau ɗaya, fuskarsa ta koma kalar ƙafafun dokin. Aka kawo sabulu, aka kawo buroshi, aka goge har kili ya fara harbi, lalle ya ce yana nan daram. Ɗan attajirin ya ce farin nan shi za a je nunawa, yanzu sai an aske ƙafafun an datse jelar. Bature ya ce ba zai hau jirgi da mutumin da bai san abin da zai yi gobe ba. Attajirin bai ɗaga murya ba, mutumin kirki ne. Ya dafa kafaɗar maigidana ya ce, "Ma'alesh ya shekh, ka yi haƙuri, ka zauna ka kula mana da sauran." Aka ce wa wani sayis Bayamane, mutumin ƙasar Yaman, ya haɗa kayansa, yalla, maza-maza.

Da hantsi na ji jiniyar jirgi daga tashar ruwa. Ba a jima ba sai ga shi ya shigo da kwat a hannu, ya rataye ta a ƙusa, ya zauna. Tausayinsa ya kama ni, ga haushi kuma, don da ya tambaye ni ma da cewa zan yi ya ƙara a goshi. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma duhun namu ne mu biyu.

Daga nan hirar magariba ta mutu. Yana zuwa aiki yana dawowa, yana cin abin da aka ba shi. In ƙaramarmu ta ce wa uban, "Yaba, ba mu labarin bangon nan," sai ya ce ya manta. Jan tafinsa ya goge, na farata kuma ya yi ta hawa sama a hankali yana barin fari a ƙasa. Nakan gan shi yana kallonsu.

Bayan sanyi ya wuce Bayamanen ya dawo shi kaɗai. Kili bai ci kyauta ko ɗaya a gasar ba, amma wani mai kiwo a can ya gan shi ya so shi, an sayar masa. Ɗan attajirin ya aiko da fim ɗin da ya ɗauka da 'yar na'urarsa, attajirin ya ce a haska wa ma'aikata da iyalansu a bangon barga bayan magariba. Na ɗauka ba zai je ba. Sai na ga ya sauko da kwat daga ƙusa ya kakkaɓe ta.

Na ce, "Malam, a wannan zafin?"

Ya ce, "Don taron na saye ta."

Muka zauna a ƙasa, mata gefe ɗaya, warin harawa da kashin doki na tashi, majigi na ƙara kamar keken ɗinki. Babu sauti. Hoton na rawa, amma ga shi nan, duk abin da ya faɗa mana gaskiya ne. Ga fitilu, ga mutane hawa-hawa har sama, ga jan bangon nan wani doki ya tashi a kansa ya daɗe bai sauko ba, daidai yadda nake gani a bakin baho. Ga kekuna da dawaki huɗu suna juyawa. Mai ɗaukar hoton ya ɗaga na'urar sama, na ga rufin da idona, ƙarfe a kan ƙarfe babu ginshiƙi, na ce tsarki ya tabbata ga Allah.

Sai aka shigo da farare a jere. Duk iri ɗaya suke a idona, ƙafafu a aske, jela a gyare. Maigidana ya miƙe tsaye tun kafin na gane. Kili ya zo daidai gaban na'ura, wani abu ya firgita shi, ya girgiza kai, gezarsa ta tashi. A ƙarƙashinta, a gefen wuya, ga tafin hannu ja, yatsu biyar, ya ɗan koɗe amma yana nan. Bayamanen ya yi ƙasa da kai yana murmushi, ashe kullum shi ke kwantar da gezar a kan wurin.

Maigidana ya roƙi mai majigi ya mayar baya. Da wurin ya sake zuwa sai ya taka har gaban bangon, ya ɗora hannunsa a kai. Hasken ya sauka a bayan baƙar kwat ɗinsa, kili ya bi ta kan yatsunsa ya wuce, sauran dawakin ma suka bi. Babu wanda ya ce masa ya kauce.

A hanyar gida muka tako a hankali, yara sun yi gaba, fitilun jiragen ruwa na lilo can a kan teku. Ya cire kwat ɗin ya rataya a kafaɗa, rigarsa ta jiƙe sharaf. Ina so in ji muryarsa irin ta da, sai na ce, "To Malam, yau dai gani ya kori ji. Yaya ka ga rufin naka?"

Ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Ya ce, "An nuna shi? Wallahi ban gani ba. Ina ta duba ko kili ya rame."