Tsinken Tsintsiya

A makarantarmu ta Nyanya, duk ɗalibin da zai yi zanen lissafi sai ya zo da tsinken tsintsiya. Haka muka taso muka gani. Ka zuba ɗigo-ɗigonka a takarda mai gida-gida, ka lanƙwasa tsinken ya bi ta kansu, ka danne shi da hannu ɗaya, ka ja fensir da ɗayan. Hannu biyu ke nan, kuma ni ban taɓa lura ba sai da wata yarinya ta shigo ajina.

'Yar manoma ce daga wajen Uke, tana zaune gun yayarta. Hannunta na hagu ya shanye tun tana ƙarama. Ƙwaƙwalwa kuwa, sai dai a ce masha Allah.

A shekarar ne na gano wani shafi a intanet, ka rubuta masa lissafi ya zana maka nan take. Wayata ce ke yawo benci-benci, ina binta da masifa: “Wallahi wanda ya fasa min gilashi sai ya gane kurensa!” Da ta isa hannun yarinyar nan, shi ke nan, sai da faɗa take saki. Da yatsa ɗaya take canja lamba, layin ya buɗe kamar ƙwarya, ta sa alamar ragi ya kife.

“Malama, kin gani? Shi ya juya kanta ƙasa!” Hausarta ke nan, ba ruwanta da mace da namiji. Kafin zangon ya ƙare, tana kallon lissafi za ta gaya maka inda layin zai yanke da inda zai juyo, tun wayar ba ta zana ba.

To amma jarrabawar gama sakandare ba ta san waya ba. Takarda ce da fensir da tsinke, kuma in babu sakamako mai kyau a lissafi, babu maganar jami'a. A aji ƙawarta ke danne mata tsinken. A ɗakin jarrabawa wa zai danne? Mun gwada ba tsinke, takardar na zamewa, layin ya fito a karkace. Mun ɗora dutse, tsinken ya ƙi.

Na je wurin shugaban makaranta, ya ce ba huruminsa ba ne balle nawa. Ranar jarrabawar na tare mai sa ido da aka turo, har da rusunawa, ni da ban iya roƙo ba.

“Ranka ya daɗe, a bar wani ya riƙe mata tsinke kawai. Kai ma za ka iya.”

“Malama, na tausaya, amma in na taɓa takardarta aikina ya tafi.”

Bai yi ƙarya ba, shi ya fi ƙona min rai. Ko wanda zan zaga ban samu ba.

Malamar darasi ba ta shiga ɗakin, sai na tsaya can nesa ina hangen ta ta taga. Na ga ta sunkuya ta danne tsinken da haɓa, fuskarta a kan takarda, tana jan fensir ba ta ganin inda yake bi. Tsinken ya fizge ya faɗi ƙasa. Ta ɗauko wani. Shi ma ya fizge. Ta goge, ta sake gogewa, ni kuma ina tsaye kamar an dasa ni.

Da suka fito ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta zo ta miƙo hannu, na ba ta wayar. Ta rubuta tambayar da ka, layin ya fito sumul.

“Malama, ga shi nan. Na san shi, wallahi na san shi. Takardan ne ya huje.”

Haɓarta duk baƙin fensir. Na sa bakin mayafina na goge mata.