Ranar da Tayar Kura Ta Riga Ta Isa Kasuwa

Ni dai aji uku na yi a makarantar mishan, na fito da ɗan karatu da tabon bulala, don haka kada wanda ya tambaye ni zurfin boko. Amma a fannin ɗaure tayar keke ina da digiri, kuma wadda ta ba ni shi ba ta taɓa ɗora ƙafa a kan feda ba. Kaka Saratu ke nan, uwar babana, a gidanmu na Gozaki.

Da an gama tuwo, kafin duhu ya zauna sosai, sai ta tura karan dawa a wuta, ta zuba gyaɗa a kasko, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take kira mijinta, mijin da ko goron kwabo bai taɓa kawo mata ba. Wani maraice Baba Yohanna, ƙanin babana, yana zaune can gefe, gwiwa naɗe da tsumma. Da rana an gan shi ya dawo daga hanyar Dayi, keke a kafaɗa, tayar gaba a hannu.  Kaka ta juya gyaɗarta, ta ce, "To, ga ta nan tafe a kan keke." Muka ce ta sauko mu ji ta.

Wai Kura ce ta sayi baƙin keke don ta riƙa riga kowa zuwa wajen mahauta. Ranar kasuwa ƙaya ta huda mata tayar gaba. Kurege ya cire ya yi faci, ya mayar, sannan ya ce ta tsaya ya nuna mata ɗauri. A fara zaunar da ƙarfen tsakiyar taya har ƙarshen gurbinsa, a duba tazarar dama da ta hagu su zama ɗaya. Sai a matsa notin nan kaɗan, a koma na can kaɗan, a yi ta zagayawa har su kama tare. Sai a ɗaga keken a juya tayar a saurara, a girgiza ta a gani.

A nan Kaka kan kumbura kumatu ta yi muryar Kura: "Ni da ke fasa ƙashin raƙumi da haƙori, ni za ka koya wa ɗauri? Ba ni sifana!"

Kura ta murɗe notin dama har ƙarfe ya yi kuka. Na hagu kuwa, ƙanshin nama ya riga ya iso hancinta, sai ta ɗan juya shi da yatsa ta haye. Taya ta karkace tana goga, cas, cas, cas, Kura ta ce ai kiɗan rakiya ne. A gangaren rafi ta faɗa rami, taya ta fice ta yi gaba abinta, ta isa kasuwa ta kwanta gaban mahauta tana jiran uwargijiyarta. Kura ta zauna da ƙugu a kan dutse, shi ya sa har gobe bayanta ke ƙasa.

"Ƙurunƙus kan sifana," in ji Kaka, ta miƙa wa Baba Yohanna gyaɗa ba tare da ta dube shi ba. Ya karɓa. Mu kuwa dariya ta kusa shaƙe mu.

Shekaranjiya da safe ina zaune a ƙofar gida, jikata Rahila ta fito da keke za ta makaranta, ranar jarrabawa. Ubanta ya yi mata faci da sassafe ya ruga gona. Tana wucewa na ji shi, cas, cas, cas. Hanyarta kuwa ta gangaren rafi ce.

Na ce, "Amarya, sauko." Ta ce za ta makara, kuma ni tsoho ne mai son a tsaya a gaishe shi sau biyu. Na sa yatsa biyu a notin hagu, ya juya kamar murfin kwalba. Ta sauko. Na sassauta na dama, na sa ta daidaita tayar da kanta, nan kaɗan, can kaɗan, ina ba ta labarin Kura a gurguje. Ta juya taya, babu ƙara. Ta girgiza, babu motsi.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar don a kunyata Baba Yohanna aka yi ta. Sai da na tsufa na gane ba shi Kaka take kallo ba, mu take ƙirgawa, mu da za mu hau keken bayansa. Ba duka muka ji ba. Haƙorina na gaba da babu, shekara da shekaru ina cewa rake ne ya cire shi.

Rahila ta ɗora ƙafa a feda, ta tambaye ni wace ce Kurar a gaskiya. Na ce Kura tana da dangi da yawa a gidan nan. Ta dubi giɓina, ta ce, "Na ga alama, Maigida," ta taka ta tafi, keken bai ce uffan ba.