Ranar da Aka Ɗaga Mini Rumfar Biki

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa. Sai in yi ta neman carbi, ga shi kuwa a wuyan hannuna. Amma akwai wata Juma'a da ba zan manta da ita ba har a kai ni makwancina, ita ce ranar da Malam, maigidana, ya rasu. Ban yi karatu ba, jikata ce ke rubuta abin da nake faɗa. Na ce mata idan ta ga ina hawaye kada ta tsaya, kukan ba na yau ba ne.

Lokacin ba na gida. Gidanmu yana Ƙofar Ran, ni kuwa ina Tirwun wurin 'yata da ta haihu, ina yi mata wankan jego, mijinta ya yi tafiya wurin aiki. Na bar Malam lafiya lau, in ban da hawan jinin da ya daɗe yana fama da shi. Ashe ranar ya dawo daga sallar Asuba ya ce zai ɗan kishingiɗa, har rana ta ɗaga bai tashi ba. 'Yan'uwansa suka yanke shawara a fita da shi kafin Juma'a, a sallace shi a masallaci da an idar, tunda a nan ake samun jama'a, kuma ba a jinkirta gawa. Mu mata ba ma bin makara. Rabon mace shi ne a kira ta kafin a fita da mijinta, ta gan shi, ta yafe masa, ta yi masa addu'a. Idan makara ta ƙetare zaure, sai kuma a lahira.

Duk wannan daga baya na ji. An ji tsoron faɗa mana ta waya, ga tsohuwa ga mai ɗanyen jego. Sai surukina ya kira maƙwabciyarsu, wata Kirista mutuniyar Bogoro, wadda take aikin ofis a cikin gari, kullum tana zuwa da 'yar jar motarta. Ya faɗa mata gaskiya, ya roƙe ta ta kai ni gida ba tare da na sani ba. Har ta isa ofis, ta juyo.

Ta shigo da kayan aikinta a jiki, tana murmushi.

"Mama, an ce jiri ya ɗan kwashi Baba, yana nemanki. Ɗauko mayafinki in kai ki."

'Yata ta yunƙura za ta tashi. Ta ce mata, "Ke kuma ina za ki da ɗanyen jiki? Zauna ki ba yaro nono. Maza ai haka suke, ciwon kai kaɗan sai a kira uwargida."

Muka yi dariya. Har na tsaya na zuba wa Malam kunun kanwa a jug, domin yana sonsa ƙwarai, yakan ce ba masu jego kaɗai aka yi wa shi ba. Maƙwabciyar tana tsaye tana kallona ina neman murfi, ba ta ce in yi sauri ba. Yanzu idan na tuna abin da ke cikin ranta a wannan tsayuwar, sai tausayinta ya kama ni.

Ba mu yi nisa ba muka tarar da cunkoso. Wata tirela ce ta mutu a gicciye kusa da shataletalen shiga gari, ga mutanen ƙauye suna kwararowa Juma'a. Motoci sun yi layi iya ganinka, keke ya cusa kai ta nan, ɗan acaɓa ya cusa ta can, kowa na danna hon, ba mai motsi. Na ga tana duba agogo, tana buga sitiyari da yatsu.

Na ce, "'Yar nan, yi haƙuri mana. Jiri ai ba guduwa zai yi ba."

Ta leƙa ta taga ta roƙi na bayanmu ya ɗan ja baya, ta murɗa kan mota, muka gangara daga kwalta ta gefen rumfar wani mai faci. Na riƙe jug da hannu biyu.

"Nan kuma ina ne?"

"Hanyata ce, Mama. Wanda yake zuwa aiki daga Tirwun kullum, idan bai san lungu ba, sai ya tsufa a kan titi."

Tana tuƙi tana ba ni labari, ina jin don kada in sami sararin yin tunani ne. Ta ce 'yan garuwa da masu keke ne malamanta. Duk ranar da ta taso aiki da wuri sai ta bi bayansu a hankali ta ga inda za su ɓulla. Wani lungun ya kai ta, wani ya ƙare a bakin katanga ta fito da baya yara suna mata dariya. Ta nuna mini alamominta: tsamiyar da ake karya kwana a gindinta, gidan injin niƙa, kwalbatin da ba a hawa sai a karkace. Wannan hanyar ta rani ce, da damina laka za ta riƙe ka. Waccan ba a bin ta da hantsi, lokacin ake sauke buhunan gawayi.

Ta ce, "Maigidana ya ce na kashe masa salansar mota har ya gaji da saye. Na ce masa gara salansa da shugaban ofis ya kashe ni da harara."

Ni da aka haifa a garin nan, ban taɓa sanin waɗannan unguwanni suna haɗe da juna ta baya ba. Muka wuce awaki, muka wuce shanyar gero, madubin motar yana gogar katangar mutane. Wayarta ta yi ƙara, ta ɗauka, ta rage murya. Na ji kamar muryar ƙanen Malam. Ta ce, "Muna hanya, Baba. Don Allah ku ɗan ƙara mana." Gabana ya faɗi, amma na ce wa raina asibiti za su kai shi. Mutum yakan san abu ya ƙi saninsa.

Muna shan wata kwana sai ga rumfar biki an kafa ta a tsakiyar lungu, daga katanga zuwa katanga. Ɗaurin aure za a yi bayan Juma'a. An jera kujeru, mata sun ɗora manyan tukwane a kan murhu a gefe, mai sa kiɗa yana gwada sifikunsa har ƙasa na girgiza. Ba damar komawa baya, domin keke biyu sun biyo mu sun toshe. Wani saurayi mai sabuwar shadda ya zo ya daki bayan motar.

"Hajiya, ba kya gani ne? An rufe. Ku masu mota kun bar titin gwamnati kun zo kuna tayar mana da ƙura a kan shinkafa."

Wata daga wurin tukwane ta ce, "Bar su, ƙila ƙanshi ne ya jawo su. A zuba musu su juya."

Aka kwashe da dariya. Na ce wa maƙwabciyar ta sauke ni in nemi acaɓa. Ta ce, "Da wannan gwiwar, Mama? Zauna, ina zuwa." Ta ɗaga gilashin wajena, ta fita ta rufe ƙofa.

Ina kallonta ta gilashi. Ba ta kula saurayin ba, ta wuce wurin wata dattijuwa mai riƙe da muciya, wadda da gani ita ce uwar biki. Ta durƙusa, ta kai baki kusa da kunnenta. Dattijuwar ta saki muciyar. Ta juya ta faɗa wa ta kusa da ita, ita ma ta faɗa wa ta gaba, ina ganin maganar tana tafiya daga baki zuwa baki, duk wadda ta ji sai ta ɗora hannu a ƙirji ta kalli motar. Can sai kiɗan ya ɗauke.

A wannan shirun na san Malam ya tafi. Ba a kashe kiɗan biki saboda jiri. Jug ɗin yana kan cinyata da ɗuminsa, na ji bakina yana ta Inna lillahi, ban san lokacin da na fara ba.

Uwar bikin ta buɗe ƙofar motar, ta kama hannuna. Ba ta san ni ba, ban san ta ba. Ta ce, "'Yar'uwa, Allah ya ba ki haƙuri. Za ki same shi in Allah ya yarda." Ta juya ta daka wa samarin tsawa. "Me kuke kallo? Ku kama ƙafafun rumfar nan ku ɗaga."

Saurayin nan mai shadda shi ya fara kamawa. Maza suka rarrabu a ƙafafun ƙarfen, suka ɗaga rumfar sama, mata suka yi ta jan kujeru. Tukunya ɗaya ta tare hanya, tana tafasa, mata biyu suka naɗe hannu da zani suka sauke ta, suka janye itacen da wutarsa. Muka wuce ta ƙarƙashin rumfar a hankali, mutane tsaye dama da hagu, ina jin suna cewa Allah ya jiƙansa. Mutumin da ko sunansa ba su sani ba.

Da maƙwabciyar ta ga na gane, sai ta ce, "Mama, ki yafe mini, an ce kada in faɗa." Tana tuƙi tana share ido da bayan hannu. Na ce, "Tuƙa, 'yata."

Muka ɓulla kusa da unguwarmu an riga an fara shimfiɗa tabarmi a kan titi, an gitta benci an tare hanya saboda salla. Nan ta bar motar a gefe, ta rungumo kafaɗata. Daga nan kuma ni ce na san hanya. Muka shiga gidan wata ƙawata, muka ratsa tsakar gida, muka fita ta ƙofar baya wadda take kallon zaurenmu. Takalmina ɗaya ya fita, ban tsaya ba.

An riga an ɗora shi a makara, maza sun sunkuya za su ɗauka. Ƙanen Malam ya hango ni, ya ɗaga hannu ya ce, "Ku dakata, ga Yaya nan." Suka fita suka ba ni wuri. Aka buɗe mini fuskarsa. Yana nan kamar mai barci, gemunsa da ɗan damshin wanka. Na ce, "Malam, ga ni na zo. Shekara arba'in da ɗoriya ban kwana da yunwa a gidanka ba, ban kwana da zaginka ba. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini." Na yi masa addu'ar da na iya, aka rufe, aka ɗauka. Ko zama ban yi ba na ji ladan.

Ita kuwa baiwar Allah ba ta koma ofis ba. Ta ari ɗankwali ta rufe kanta, ta zauna cikin mata har la'asar, tana miƙa wa masu gaisuwa ruwa. Da yamma ita ta koma ta zauna da 'yata aka faɗa mata. Na yi takabata na fita, na sa aka kai ni lungun nan don in yi wa uwar biki godiya, muka yi ta zagaye ban gane gidan ba. Ina sa ta a addu'a, da amaryar da aka katse wa kiɗa, Allah ya zaunar da ita lafiya a ɗakinta.

Har yau ina kukan Malam, ba na ɓoyewa. Amma kukan wadda ta yi sallama daban yake da na wadda ta tarar da zaure wayam, kuma mutane ne suka raba ni da na biyun. Abin da na koya ke nan: hanya a hannun mutane take, su ke rufe ta, su ke buɗe ta. Shi ya sa idan mota ta kutso lungunmu tana gudun cunkoso, maƙwabta suna mita, ni nakan ce a janye tabarma a kore awaki ta wuce. Ba ka san wanda ke zaune a ciki ba, ba ka kuma san abin da yake sauri ya tarar ba.