Sunan Da Na Ƙi Faɗa A Gaban Makaranta

Komai zan iya mantawa na zamanin da nake sakandare, ban da safiyar da aka tsayar da ni a gaban ɗalibai kaf aka ce in faɗi suna guda ɗaya tak, na ƙi. Yanzu furfura ta fara leƙowa a gemuna, amma in na tuna ranar sai in ji ƙirjina ya buɗe. Ba zan ɓoye muku ba, alfahari nake yi da abin.

Ni ɗan Gammo ne ta ƙasar Kabo, amma a wata makarantar kwana ta maza a Gwarzo na yi karatu. Mahaifina ya rasu tun ina firamare. A gidanmu ba a kama sunan uba gatsal. Innata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, in za ta ambace shi sai dai ta ce "mai gidan nan". Haka na tashi ni ma. Ko a rajista sunan garinmu ne a bayan nawa, don haka bakina bai taɓa sabawa da shi ba.

Sai Allah ya haɗa ni benci ɗaya da wani ɗan Sabon Birni mai sunan mahaifina. Tun daga aji ɗaya nake ce masa Baba. Shi kuwa ɗan neman tsokana ne, in na kira shi sai ya gyara zama ya ce, "Na'am ɗana, Allah ya yi maka albarka, je ka ɗebo min ruwa." Mukan yi dambe a kan wannan, amma sunan dai ya zauna.

Muna ajin ƙarshe aka kawo mana sabon firinsifal daga birni, dogon mutum marar fara'a. Gaskiya ya tarar da ɓarna. Yara sun cika makaranta da laƙabi irin na 'yan daba, wannan Kura, wancan Wuƙa. Akwai wani yaro mai ɗingishi da aka liƙa wa "Taya Ta Sace", har ya daina fitowa filin ƙwallo. Firinsifal ya kafa doka cewa daga ranar kowa da sunansa na yanka za a kira shi, wanda ya karya kuwa ya tattara kayansa. Ni har murna na yi, don ban taɓa kawowa a raina dokar ta shafe ni ba.

Wata yamma a bakin famfo na ɗaga murya na ce, "Baba, riƙe min bokitina!" Ashe firinsifal yana wucewa ta bayanmu. Abin da ban sani ba a lokacin, a unguwannin da ya fito 'yan daba ne suke kiran junansu Baba. Da kunnen birni ya ji ni.

Washegari a taron safe ya kira mu gaba, ni da abokina. Ya ce, "Ga shi nan. Ka kira shi da sunansa kowa ya ji, ka koma layi, magana ta wuce." Na buɗe baki, wallahi da niyyar in faɗa na buɗe, amma sunan ya ƙi fita. Fuskar Inna kawai nake gani. A makarantar nan ɗalibi ba ya magana a taron safe sai dai ya ce to. Na ce, "Ranka ya daɗe, sunan mahaifina ne da shi, kuma ya rasu. Abin da yake ladabi a gidanmu, yaya aka yi ya zama laifi don na shigo ƙofar makaranta?"

Firinsifal ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Na ji. To gobe wanda yake ce wa ɗan'uwansa Taya Ta Sace, shi ma zai zo ya ce a garinsu wasa ne. Kowa ya zo da nasa daidai ɗin, ina doka ta tsaya? Ba ni amsa." Na sunkuyar da kai. Ya ce in tafi gida, kada in dawo sai da babba, kuma sai na shirya faɗar sunan. Ga rajistar jarabawar fita ta matso. Wanda ba ya nan ranar, shekarun da ya kwashe sun tafi a banza.

Na hau babur zuwa Gammo ina cika ina batsewa, ina jiran a ce na yi daidai. Baffana, ƙanin mahaifina, malamin Islamiyya ne, shi na fara kai wa ƙara. Ya saurare ni tsaf sannan ya ce, "Kai yaro, addini bai hana ka kiran mutum da sunansa ba. Kunya ce, kuma kunya abu ne mai kyau, amma ba a rasa jarabawa saboda ita. Ka je ka faɗa." Ni kuwa na ɗauka shi zai fara tsaya min.

Na shiga wajen Inna na same ta tana ɓarar gyaɗa. Ita ma ba ta ɗago ba ta ce, "Ka bi maganar baffanka. Shi kansa mai gidan nan da yana raye cewa zai yi ka faɗa." Na ce, "To Inna, faɗa min yadda ake faɗarsa in ji, sai in kwaikwaya." Ta jefe ni da ɓawon gyaɗa ta ce, "Tashi ka ba ni wuri, marar kunya!" Tana dariya, idonta ya cika da hawaye. A nan na san ba zan faɗa ba, ko me za a yi.

Sai dai taurin kai ba amsa ba ne, kuma tambayar firinsifal ta tsaya min a rai, don mutumin yana da gaskiyarsa. Na yi ta juya ta ina taya ƙannena aiki a gona. Abin da ya warware min ita fuskoki biyu ne da na tuna: ta abokina in na ce Baba, da ta yaron nan mai ɗingishi in an kira shi da nasa. Ɗaya washe baki yake yi, ɗaya sunkuyar da kai.

Muka koma da Baffa. Bayan sun gama doguwar gaisuwa da firinsifal a ofis, Baffa ya ba da haƙuri ya ce yaro ya yi kuskure, zai gyara. Firinsifal ya juyo gare ni ya ce, "Ka shirya?" Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, amsar tambayarka na zo da ita, in ka ba ni izini." Baffa ya harare ni. Firinsifal ya ce in faɗa.

Na ce, "Ba cewa na yi kowa da nasa daidai ba. Wulaƙanci ko a Gammo ko a birni wulaƙanci ne. Dokarka don ta hana shi ka yi ta. To a daina tambayar mai kira, a tambayi wanda ake kira. A kira abokina a tambaye shi, a kira yaron nan a tambaye shi." Ganin bai katse ni ba sai na ƙara da abin da har yau nake mamakin inda na samo ƙarfin halin faɗarsa. Firinsifal a gidan malamai yake zaune, kuma duk mun san ƙaramar 'yarsa da take kawo masa abinci. Na ce, "Kuma ranka ya daɗe, 'yarka da kake ce wa Ummi, a bakin ofis ɗin nan muke jin kana kiranta haka."

Baffa ya ce, "Innalillahi! Kai!" Ni kaina na sadaƙar an kore ni. Firinsifal ya cire tabarau, ya daɗe yana murza ido. Can ya ce a hankali, "Sunan mahaifiyata ne da ita." Ya sa aka kira abokina ya tambaye shi ko sunan yana ɓata masa rai. Ɗan banzan ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da na samu ɗa mai ɗebo min ruwa?" Ranar na fara ganin haƙoran firinsifal.

Kada ku ɗauka na sha. Ya ce magana a taron safe ba izini laifi ne mai zaman kansa, ya ba ni lauje na yi ta yankan ciyawa a bayan ɗakin kwana har hannuna ya yi kanta. Ban ji haushi ba ko kaɗan. A taro na gaba ya gyara dokar da bakinsa: duk sunan da mai shi ba ya so, an hana. Ya kuma ware lokaci duk ranar Alhamis, wanda yake da tambaya a kan wata doka ya tashi ya yi. Na zauna jarabawata, kuma kafin mu fita na ga yaron nan mai ɗingishi yana tsaron gida a filin ƙwallo.

Bayan shekaru na haɗu da firinsifal a kasuwar Gwarzo, ya tsufa, ya yi ritaya. Ina riƙe da hannun ɗana na fari. Muka gaisa, ya shafa kan yaron ya ce, "Yaya sunan malamin?" Na ce, "Baba." Ya yi dariya har da riƙe kafaɗata, ya ce, "Har yanzu dai ba za ka faɗa ba?" Na ce, "Har yanzu, ranka ya daɗe."

Abin da na koya shi ne, tambayar doka ba rashin kunya ba ce, in dai ka fara gane abin da aka kafa ta don ta kare, ka zo da hujja, kuma ka yarda ka ɗauki lauje in ka yi laifi. Ku ma da kuka karanta har ƙarshe, kun dai ga ban faɗa muku sunan ba.